Dogon Hutu Ya Zo, Ina Za A Kai Yara?

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara makarantun Yola da Jimeta sukan sallami yara dogon hutu, kuma daga ranar da aka karɓi sakamakon jarrabawa har zuwa watan Satumba gidaje ba su sāke samun shiru. Masu hali sukan biya kuɗin darasin hutu a mayar da yaro aji, watau a fitar da shi daga makaranta ta ƙofa a shigar da shi ta taga. Waɗansu a tura su babbar kasuwar Jimeta su taya tsaron shago, waɗansu a ɗora musu talla, saura kuwa su wuni gaban talabijin ko kan wayar iyayensu. Kaɗan ne ƙwarai magidantan da kan ce da iyali su shirya a je a ga ƙasa. Cikin kaɗan ɗin nan ma da yawa sukan dawo da ɓacin rai, domin sun ƙona mai, sun sha wahalar hanya, yaro yana ta tambaya, "Baba, ina giwar?" uban kuwa ba shi da abin nunawa sai ciyawa da ta fi mota tsawo.

Abin da ya cuce su shi ne lokaci. Dogon hutun ƙasar nan yana faɗowa ne a tsakiyar damina, alhali kuwa namun daji da rani ake ganinsu. Kafin a zo ga wannan, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa maganar ta wuce ta shan iska kawai.

A tara yara goma 'yan firamare a Jambutu ko Nasarawo ko Luggere, a tambaye su mene ne gwanki, mene ne kanki, yaya mazo yake, da me gada ta bambanta da barewa. Da wuya a sami biyu da za su amsa. Sunayen suna nan daram a bakin tsofaffi, a cikin karin magana da tatsuniya da kirarin maharba, amma ga yaro sun zama kalmomi marasa jiki. Ya san zakin Kenya da damisar Indiya, don ya gan su a talabijin, bai kuwa san cewa akwai dorina a jiharsa ba, wadda Fulani ke kira ngabbu, tafiyar sa'o'i kaɗan daga ƙofar gidansu.

Ƙasar Fombina ba haka take ba a dā. Sa'ad da Bajamushen nan Dokta Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai kusa da mahaɗarsa da kogin Faro a watan Yuni na 1851, ya shiga Yola shekara goma kacal bayan da Modibbo Adama ya kafa ta a 1841. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba, 'yan kwanaki ya yi aka sallame shi, amma duk da haka ya rubuta labarin ƙasa mai yalwar giwaye, ya kuma ambaci ayu, dabbar ruwan nan da masunta ke girmamawa. A wancan zamani fataken Hausa har Ngaundare da Banyo da Tibati suke zuwa sayen hauren giwa, su kai Kano, daga can ya ƙetare hamada. To, ina giwayen yau? Wanda ke son nuna wa ɗansa giwa daga Yola, sai ya tsallake Jihar Gombe ya shiga ta Bauchi.

Labarin karkanda ya fi wannan ban tausayi. Irin baƙar karkandar wannan yanki, mafakarta ta ƙarshe a duniya ita ce arewacin Kamaru, watau dajin da ke maƙwabtaka da Adamawa ta gabas. A 2006 masana suka bi dajin lungu-lungu ba su sami ko ɗaya ba, a 2011 ƙungiyar duniya mai lissafin halittu, IUCN, ta bayyana cewa irin ya ƙare. Ba wani yaro da za a sāke nuna wa ita, kome kuɗin ubansa. Ta ƙare a bakin ƙofar Yola, mutanen gari kuwa ba su ma ji labari ba. Yaran da ke hutu yanzu su ne gobe za su zama hakimai da alƙalai da 'yan majalisa, su ne za a kawo wa takardar neman izinin sare daji ko haƙar ma'adini a gandu, kuma mutum ba ya jin zafin rasa abin da bai taɓa sa wa ido ba.

A koma ga zancen lokaci. Da damina ruwa yana ko'ina a daji, kowane kwari da tafkinsa, saboda haka dabbobi sukan watsu, ba abin da zai tilasta musu zuwa wuri guda. Ciyawa ta yi tsawo, itatuwa sun rufe, hanyoyin cikin gandu sun zama taɓo. Da rani kuwa, musamman daga Janairu zuwa Afrilu, ƙananan tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta bushe, dole kowace dabba ta gangaro bakin kogi ta sha ruwa safe da yamma, a nan mai kallo ke samunta. Ashe ke nan hutun Disamba da na ƙarshen zango na biyu, ko da yake gajeru ne, su ne na zuwa gandun daji. Turawa da suka saba fita yawo a watan Agusta, lokacin ne rana ke fitowa a ƙasarsu. Wanda ya kwaikwaye su a nan ba tare da duba sama ba, zai kwana a bakin rafi yana jiran ruwa ya janye.

Wannan ba ya nufin a zauna gida har kaka. Akwai wurare na kusa da damina ce ma ke ƙara musu kyau, waɗanda za a je a dawo a wuni guda. Duk wanda ya tsaya kan gadar Jimeta ya dubi arewa zai ga duwatsun Bagale sun yi shar, kuma yaran da aka haifa suna kallonsu kullum yawancinsu ba su taɓa taka gindinsu ba. A bi hanyar Mubi ta Girei, kafin a gaji da zama an isa ƙasar Song, inda duwatsun nan uku da ake kira 'yan'uwa mata uku suke tsaye a jere, ana hangensu tun daga kan titi. A yamma kuma akwai Numan, kimanin kilomita 60 daga Yola, inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai. Yaron da aka koya wa mahaɗar koguna a allo, a kai shi ya ga ruwa biyu sun gamu, a gaya masa kuma cewa sunan Binuwai daga harshen Bata ya fito, ma'anarsa uwar ruwa. Wannan darasi ba zai fita kansa ba. A gabas, cikin ƙaramar hukumar Fufore, ga Gurin a bakin Faro, mazaunin Modibbo Adama na farko kafin a kafa Yola.

Mai son ganin dabba da damina, madatsar ruwan Kiri ce wurin zuwansa, a ƙaramar hukumar Shelleng. An gama ta a 1982 a kan kogin Gongola domin shayar da gonakin rake na kamfanin sukarin Savannah da ke kusa da Numan, tafkin da ta tara kuwa ya zama gidan dorina da tsuntsayen ruwa iri-iri. Amma fa a nan sai an yi hattara. Dorina ba abar wasa ba ce. Ganinta a kwance cikin ruwa kamar dutse yana ruɗin baƙo, alhali tana kifar da kwalekwale, a tudu kuma ta fi mutum gudu, musamman mai ɗa. Manoman bakin tafkin sun san ɓarnarta a gonakin shinkafa da masara, su ya kamata a tambaya inda za a tsaya a hange ta daga nesa. Kada a saka yara a kwalekwale ba rigar ruwa, kome ƙwarewar mai tuƙi, kada kuma a bar su su yi wanka a ruwan da ke kwance, ko a Kiri ko a tafkin Geriyo na nan Jimeta, saboda tsargiya. Sa'an nan watannin Agusta da Satumba su ne na cikar Binuwai. Mutanen jihar ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, sa'ad da ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ba su kuma manta da wadda ta ci unguwannin Yola ta Kudu a watan Yuli na 2025 ba. Ranar da aka kwana ana ruwa ba ranar fita da yara bakin kogi ba ce.

Babbar tafiya, wadda ta cancanci a yi mata tanadi tun yanzu, ita ce ta Yankari. Daga Yola a bi Numan, a wuce Kaltungo da Gombe, a kama hanyar Bauchi, a ratse a Dindima zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Tafiyar wuni ce, mai yara ya fita da asuba. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma a bakin wannan kogi ake ganin abin da aka zo gani: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, kada, da garken giwayen da ke cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, ko da yake kiyasi bai kai su ɗari biyu ba. Zaki yana nan a lissafi, amma 'yan ƙalilan ne, uban kirki ba zai yi wa ɗansa alkawarin ganinsa ba.

A masaukin Wikki, tun kafin a sauke kaya gwaggon biri ya zo gaisuwa. Su da mugun dawa suna yawo tsakanin ɗakuna kamar awakin unguwa, kuma gwaggon birin Wikki ya daɗe da gane leda da kular abinci, har ƙofa yana iya turawa. Yara sukan so su miƙa masa biskit. A hana su. Dabbar da ta saba karɓa daga hannun mutum, ran da ba a ba ta ba ƙwata za ta yi, haƙoranta kuwa sun fi na kare. Ƙasa da masaukin ga maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa awo 31 dare da rana, rani da damina, ana ganin yashin ƙasansa fari fat. Wannan ruwa mai gudu ne, a nan yara za su huce haushin wankan da aka hana su a Kiri, muddin babba yana tsaye a kansu.

Amma abin da ya fi dacewa uba ya tsaya a kansa a Yankari shi ne koguna, ba na ruwa ba, na dutse. A jikin wani tsauni na dutsen yashi akwai ramuka 59 da hannun mutum ya sassaƙa, ana kiransu da sunan Marshall, Baturen da ya ba da labarinsu a 1980. Kowane ɗaya bakinsa ƙarami ne, sai an durƙusa, cikinsa kuwa ɗaki ne zagayayye, a bangon waɗansu akwai zane-zane na layuka. Masana suna kyautata zaton mafaka ce ta mutanen da suka gudu daga yaƙi da farautar bayi. A wani gefen dajin kuma akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 130, an haƙa su kusa da juna a cikin dutse, ga kuma ragowar matoyar ƙarfe ta mutanen dā. To, jama'a, yaron da ya sa kansa cikin ɗaya daga ramukan nan, ya ji sanyinsa da duhunsa, aka ce masa wata uwa ta taɓa ɓoye 'ya'yanta a nan tana toshe musu baki kada mahaya su ji, ya fahimci wani abu game da tarihin ƙasarsa wanda littafin aji huɗu ya kasa faɗa masa. Zai kuma gane cewa dajin da ake gani ba kowa, a dā garuruwa ne. Shiga kogo sai da ɗan jagora da tocila, domin jemage da maciji da zuma duk suna son irin wurin, kuma ba a rubuta suna a bango. Abin takaici ne a ga ɗan makaranta ya ɗauki gawayi ya rubuta sunansa da na garinsu a kan zanen da ya girmi kakan kakansa, malaminsa yana tsaye yana dariya.

Wani abin mamaki shi ne mutanen Yola sun fi sanin Yankari ta Bauchi a kan gandun da suke da rabo a cikinsa. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000. An kafa shi a 1991, shekarar da aka raba tsohuwar Jihar Gongola, sai rabon ya bi ta kansa: ɓangaren Gashaka ya faɗa Taraba, na Gumti ya faɗa Adamawa, ta wajen Toungo. Hedkwatarsa tana Serti. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, kuma kurminsa ne babbar mafakar biran nan masu kama da mutum da ake kira cimfanzi, waɗanda masana daga jami'ar Landan suka fara zama a Gashaka suna nazarinsu tun shekarar 2000. Akwai ɓauna, akwai dorina a kogin Kam, akwai kangon sansanin Jamusawa na zamanin da yankin ke ƙarƙashin mulkinsu. Sai dai wannan ba dajin shiga da ƙaramar mota ba ne, yawancin kallonsa da ƙafa ake yi, ƙudan tsando yana nan, da damina kuma koguna sukan datse hanya ɗungum. Ya fi dacewa da 'yan sakandare masu ƙwarin ƙafa, tsakanin Disamba da Maris, bayan an tuntuɓi ma'aikatan gandun an ji halin hanya da na tsaro. Hanyar Yola zuwa Toungo ta Mayo Belwa da Jada da Ganye ita ce ƙofar Adamawa ta shiga wannan dukiya, amma baƙo zai iya shekara a Jimeta bai ji wanda ya ambace ta ba. Gandun kansa yana fama da masu farauta ba izini, da masu saran madobiya, da masu haƙar ma'adini, da garken shanu. Tun 2017 wata ƙungiya mai zaman kanta, ANI, ta shiga taimaka wa hukumar gandun da horar da masu gadi. Masu gadi kuwa ba za su iya su kaɗai ba idan mutanen jiha ba su san abin da ake gadi ba.

Haka zancen Sukur yake a ƙaramar hukumar Madagali, garin kan dutse mai hanyoyin daɓen duwatsu da gonaki hawa-hawa da fadar Hidi, wanda a 1999 ya zama wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya. 'Yan Boko Haram sun kai masa hari a 2014 sun yi ƙone-ƙone. Mai niyyar kai iyali can, ya fara jin ta bakin mutanen yankin da jami'an tsaro.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce magidanci zai fara kawowa, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, tafiyar Yola zuwa Bauchi da komowa ta zama abin lissafi ko ga mai albashi. Amma gidan da ke iya ɗinkin Salla biyu da ankon biki uku a shekara, bai kamata ya ce tafiyar kwana biyu ta gagare shi har abada ba. Gida uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su ɗauki bas guda, uwayen gida su yi dambun nama da soyayyen abinci daga gida, a riƙe gidan sauro da maganin zazzaɓi da ruwan sha. Matan unguwa da suka iya adashen kayan ɗaki ba za su kāsa adashen tafiya ba. Ƙungiyoyin iyaye da malamai ma suna da abin yi a nan, domin kuɗin da ake karɓa na bikin yaye 'yan nazare, a ɗinka musu riga da hula kamar sun gama jami'a, ya isa ya kai aji guda Kiri ya dawo da su.

Idan kuwa za a je, a je da kowa. An saba uba ya kwashi 'ya'ya maza, a bar mata da uwarsu suna tsaron gida, kamar dai Allah ya halicci giwa don idon namiji kaɗai. Yarinyar da aka bari ita ce gobe za ta yi wa 'ya'yanta tatsuniya, gara a ce ta ga abin da take ba da labarinsa. A tafi da kaka ma in yana da ƙarfi, don shi ne zai dubi sawu a ƙasa ya ce wannan na gada ne, wancan na mugun dawa, ya faɗi sunan itace da Hausa da Fulatanci da abin da ake magani da shi, abin da ɗan jagora mai takarda ba lalle ya sani ba.

Ga mai cewa aikin gama ya gama, dabbobin sun riga sun tafi, sai ya dubi Nijar. Raƙuman dawan yankin Kure, gabas da Yamai, sun ragu har suka koma kimanin 50 a 1996. Gwamnati ta hana kashe su, aka jawo mutanen ƙauyuka cikin aikin, samarinsu suka zama 'yan jagora suna samun abin kai wa gida daga masu zuwa kallo, cikin shekara ashirin da 'yan kai adadin ya haura 600. Dabbar da ke kawo wa ƙauye kuɗi tana da masu tsaronta. Kowace bas ta 'yan makaranta da ta tsaya a Kiri ko Toungo, aka sayi kifi da gyaɗa, aka biya ɗan jagora, tana ƙara wa dorina da ɓauna daraja a idon wanda gonarsa suke ci.

Daga rufe makarantu a Yuli zuwa hutun Disamba wata biyar ne. Gida huɗu da suka fara zubi a wannan wata za su iya kama hanyar Numan da asubar ranar da aka tsayar, su yi azahar a Gombe, la'asar ta same su a ƙofar Mainamaji.